Abu Nazmi da Karagar Birnin Hayaƙi

A unguwarmu ta tsohuwar Dimashƙa, idan ka ga mutum yana tafe da auduga a gashin baki, auduga a kunne, yana kuma yi wa wanda bai tambaye shi ba bayanin yadda ake riƙe ƙasa, to ka haɗu da Abu Nazmi. Sunansa na yanka Rushdi, sana'arsa shiɓar auduga. Katifar da ta kwanta da matashin kan da ya daskare shi ake kai wa, ya farke su, ya sa bakan shiɓa ya tayar da audugar ta koma sabuwa fil. Ba za a ɗauki alhakinsa ba, aikin nan ya iya shi. Matsalar ita ce, a ganinsa riƙon ƙwarya kawai yake yi wa shiɓa, kafin duniya ta gane ko shi wane ne.

Shekara da shekaru yana rubuta wani littafi a bayan shago, wanda ya sa wa suna Karagar Birnin Hayaƙi. Labarin sarakunan aljanu biyu ne, Zarkaf Mai Gatari da Mildan Mai Wuta, waɗanda ba su da aiki sai yanka mutanen juna saboda karagar mulki. Duk wanda ya kawo katifa sai ya ji babi guda kafin a karɓi aikinsa. Da abin ya ishi mutane, sai suka koma aiko da katifunsu ta hannun wani ɗan dako kurma, shi kuwa Abu Nazmi ya riƙa yabonsa da cewa bai taɓa ganin mai sauraro mai natsuwa kamarsa ba.

Abin da idonsa ke kai shi ne kujerar mai labari ta gidan gahawar Hajji Shafik. Kujera ce doguwa a jikin bango, sai da tsani ake hawanta, ga farantin tagulla a gabanta, ga takobi a gefe. Kullum bayan la'asar mai labari zai hau, ya karanta yaƙe-yaƙen mazan jiya, idan an zo wurin sara ya daki farantin da takobi. Masu sauraro kuwa ba kara zube suke zama ba, dama da hagu suke rabuwa, kowane ɓangare da gwarzonsa. Idan gwarzonku ya yi aure a cikin labari, ku za ku kawo alawa a raba. Idan aka jefa shi kurkuku, ba za ku bar mai labari ya je gida ba sai ya fito da shi. Jagoran dama shi ne Abu Dirgam mahauci, na hagu Abu Zuhdi mai tanderu, mutum biyu da tun suna yara bakinsu bai taɓa zuwa ɗaya ba, ko a kan ganin wata.

Mai kujerar, Ammu Tahsin, ya daɗe a kanta har haƙoransa suka zube. Idan ya zo faɗin sara sai fito ya kuɓuce masa, kanarin da ke cikin keji ya amsa, yaƙi ya koma dariya. Ran nan ya rataye takobi ya tafi wurin 'yarsa a Hims. Hajji Shafik ya yi shela cewa duk wanda ya kai labarinsa ƙarshe, ya kuma sauko daga kujerar nan da ƙafafunsa, kujera ta zama tasa. Tsofaffin unguwa da suka san ma'anar sharaɗi na biyu suka dubi juna. Abu Nazmi ne kaɗai ya ɗaga hannu, ya ɗaga biyu ma.

Da ya koma gida ya tarar da matarsa, Ummu Nazmi, tana ƙwaƙule cikin kabewa.

"'Yar baffana, daga yau ki fara koyon tafiyar matan manya."

"Ka fara cire audugar da ke hancinka, ɗan baffana, in ga ko wane babba ne ke magana."

Bai kula ta ba. Ya zauna ya warware mata shirinsa, ya ce shugabanci ba ƙarfi ba ne, dabara ce, kuma shi ya yi nazarin abin a kan aljanu, balle 'yan adam. Zai ba mahauci Zarkaf, ya ba mai tanderu Mildan, ya yi wa kowannensu alkawarin nasara a asirce, ta haka ba wanda zai yi fashin zuwa. Ta tambaye shi wane sarkin ne zai ci karagar a ƙarshe. Ya ce ba ko ɗaya, kashe juna za su yi, sai wani bawan Allah ya sauko daga farin gajimare ya haye.

"Wane ne shi?"

"Sunansa Rushdan. Mai shiɓar auduga ne."

Ta dube shi tun daga ɗan kwalin audugar da ke kansa har zuwa takalmi, ta ce Allah ya sa shi ma wannan Rushdan ɗin an haɗa shi da mace mai haƙuri, ta ci gaba da kabewarta.

Washegari ya je rumfar mahauci, ya ja shi gefe ya raɗa masa cewa Zarkaf ne zai hau karaga, amma kada kowa ya ji. Abu Dirgam ya ji daɗi har ya sare masa cinyar rago kyauta. Daga nan ya zarce tanderu da cinyar a ɓoye cikin buhun auduga, ya rantse wa Abu Zuhdi cewa Mildan ne, ya fito da burodi mai riɗi har ƙirji. Ummu Nazmi ta ce wannan nama ba zai narke musu lafiya ba, amma dai ta dafa, kuma ta fi shi ci.

Ranar farko ya zo da jar dara ta aro wadda ta fi kansa girma, ya cusa mata auduga a ciki don ta zauna. Ya hau tsani yana gaishe da dama da hagu kamar ango. Da ya zauna ya ja takobi, takobi ya ƙi fita, don Ammu Tahsin a cikin kube yake duka da shi, tsatsa kuwa ta riga ta ɗaura masa aure da kuben. Ya ja da hannu ɗaya, ya ja da biyu, ya sa ƙafa ya taka ya fizga. Kube ya tashi sama ya daki kejin kanari, ƙofar keji ta buɗe, tsuntsu ya zagaya ɗakin ya sauka a kan jar darar. Abu Nazmi ya ce wannan alama ce, a littattafan da, tsuntsu kan sauka ne a kan wanda zai yi sarauta. Hajji Shafik ya ce tsuntsun audugar sheƙa yake nema, kuma ga alama ya samu.

Ya buɗe littafi ya fara da asalin kakannin Zarkaf, wane ya haifi wane, wane ya auri wace. Gahawa ta huce a kofuna. Wani tsoho ya yi barci har bututun shisha ya faɗo daga bakinsa. Can sai Abu Dirgam ya yi gyaran murya ya ce su fa ba ɗaurin aure suka zo ba, a kashe wani. Abu Nazmi ya ruɗe, ya tsallake babi da yawa, ya faɗa tsakiyar yaƙi, kuma wanda hannunsa ya fara kaiwa shi ne wazirin Zarkaf. Ya sare masa kai, ya daki farantin tagulla da iya ƙarfinsa. Kofin shayin da aka ajiye masa a kai ya yi tsalle ya juye a cinyar liman.

Mutanen hagu suka ɗauki tafi. Mutanen dama suka miƙe tsaye, mahauci a gabansu, yana kallon mai labari irin kallon da yake yi wa rago ranar kasuwa.

"Ya Abu Nazmi, wazirin wa ka kashe?"

"Ka yi haƙuri, maƙwabci, dabarar yaƙi ce."

"Cinyar da ka ci ita ma dabarar yaƙi ce?"

Abu Nazmi ya dubi littafi, ya ce af, ashe a daidai wannan lokacin wata kibiya ta zo ta tsire ƙanen Mildan. Babu wannan a rubuce, daga kansa ya tsinko ta. Dama ta zauna tana murmushi, hagu ta miƙe. Don ya zaunar da hagu ya kashe sarkin yaƙin Zarkaf, don ya zaunar da dama ya ƙone sansanin Mildan. Kafin kiran magariba ya hallaka mutanen da littafin ya tanada don rabin labari. Ya sauko gumi na zuba, ya ce wa Hajji Shafik ya gani ko, haka ake juya jama'a.

Kwanakin da suka biyo baya, kisa ya zama abin da ake saye da hanta da burodi. Da safe mahauci zai aiko da hanta a ce a dawo masa da sarkin yaƙinsa, da yamma Abu Nazmi zai ce ashe suma ya yi. Mai tanderu zai aiko da gurasa mai cuku, sai ƙanen Mildan ya tashi ya zare kibiya daga wuyansa ya nemi ruwan sha. Akwai wani jarumi da ya mutu ya dawo har mutane suka daina yi wa juna ta'aziyyarsa. Waɗanda ba su da mai saye musu rai kuwa suka ƙare ƙaf: masu gadi, makaɗa, mai dafa wa sarki abinci. Ran nan labari ya kai inda za a aika manzo da saƙon sulhu, aka duba aka ga manzon ya mutu tun ranar Talata, kuma ba wanda ya kawo ko ƙashi dominsa. Sulhu ya fasa, yaƙi ya ci gaba.

Daga gidan gahawa rigimar ta fito titi. Ka san a unguwarmu ba kowane gida ke da tanderu ba, mace kan haɗa tiren namanta da alkama ta aika wa Abu Zuhdi ya gasa. To, sai Abu Zuhdi ya ce ba zai ƙara gasa naman da ya fito daga hannun mutanen Zarkaf ba, yakan ɗaga murfin tire ya shinshina ya mayar. Abu Dirgam ya rama, ya ce duk wanda aka gani da burodin Mildan ya je ya ci da gishiri. Unguwa ta koma cin wake safe da yamma. Surukai suka daina gaisawa saboda aljanun da ba su taɓa gani ba, wani ango ma aka ce ya ƙi shiga ɗaki sai amarya ta faɗi ɓangarenta.

Ummu Nazmi ce ta sha wuyar abin. Ta je gidan wankan unguwa ranar mata, suka yi mata caa, wannan na cewa mijinta ya raba ta da nama, waccan na cewa ya raba ta da miji. Ta dawo da sabulu a kunne ko ɗauraya ba ta gama ba, ta ce masa ya rufe labarin nan kafin a rufe musu ƙofa. Shi kuwa daɗi ne ya kama shi har ya kasa zama. Ya ce wane marubuci ne a duk ƙasar Sham ya taɓa hana unguwa guda cin nama da alƙalami kawai. Ya sa aka yi shela cewa ranar Alhamis za a naɗa sarkin Birnin Hayaƙi.

Ranar Alhamis tun kafin la'asar gidan gahawa ya cika har bakin titi, mata kuma suka cika tagogin benayen da ke kallonsa. Abu Dirgam, da yake ya san sirri, ya zo da ƙaton rago an shafa masa lalle a goshi, ya ɗaure shi a ƙafar teburi don yankan murna. Abu Zuhdi, da yake shi ma ya san sirri, ya zo da manyan tirori na alawar baklawa tana ɗigar zuma, da makaɗa a bayansa. Kowannensu ya dubi shirin ɗan'uwansa ya ji tausayinsa ya kama shi. Abu Nazmi kuwa tun da hantsi ya lallaɓo ya rataye buhun auduga a jikin azara, daidai saman kujera, ya ɗaura masa zare a baki. Wannan shi ne farin gajimaren. Ya lissafa cewa idan ya ja zaren, auduga za ta riƙa sauka a hankali a hankali, mutane su yi ta salati.

Ya hau ya fara. Gaskiya ranar ya yi karatu, muryarsa ta fita, takobi ya yi ta sauka a kan faranti. Zarkaf ya ɗaga gatari, dama ta miƙe. Mildan ya hura wuta, hagu ta miƙe. Suka haɗu a gaban karaga, gatari ya raba kan Mildan, wuta ta cinye Zarkaf, duk a numfashi ɗaya. Abu Nazmi ya daki faranti ya ce sun mutu, su biyun, mutuwar da babu suma a cikinta.

Wuri ya yi tsit, ba ka jin komai sai ragon nan yana tauna igiyarsa. Abu Nazmi ya ɗauka daɗin labari ne ya kashe musu baki, sai ya ƙara murya. Ya ce ana cikin haka sai sama ta buɗe, wani kyakkyawan mutum ya bayyana, matsakaicin tsawo, mai wushirya, mai gashin baki kamar na zaki, riƙe da bakan shiɓa. Aljanu suka faɗi suna cewa ga wanda ya fi su Zarkaf ƙarfi, ya fi su Mildan hankali, ga Rushdan.

"Yana da tari irin na masu shaƙar auduga?" in ji wani daga baya.

"Matarsa na ƙwaƙule kabewa?" in ji wani.

Abu Nazmi ya yi kamar bai ji ba, ya ja zare. Zare ya ƙi. Ya ƙara ja, ya miƙe a kan kujera ya rataya da nauyinsa. Buhun bai buɗe baki ba, gaba ɗayansa ya tsinko, ya wuce ta gefen kunnensa ya sauka a kan Hajji Shafik da ke wucewa da tiren shayi, ya fashe. Auduga ta turnuƙe ɗakin. Ta manne a baklawa, ta manne a gemu, ta shiga hancin makaɗa, su kuma da suka ga fari ya rufe ko'ina suka ɗauka lokacin naɗi ne ya yi, suka saki ganga. Wadda ta sauka a kan garwashin shisha ta kama da wuta, aka shiga watsa ruwa da shayi da duk abin da hannu ya kai, liman ya sake jiƙewa a cinyar da ta jiƙe ran farko. Rago ya ƙarasa cinye igiyarsa ya shiga tsakanin ƙafafun mutane yana neman wanda zai tunkuya.

Da hayaƙi ya lafa, sai ga mahauci da mai tanderu tsaye gaba da gaba, kowanne fari fat kamar an tsoma shi a gari. Abu Dirgam ya ce shi abin da ya fi ƙona masa rai, mutumin nan ya rantse masa cewa Zarkaf ne. Abu Zuhdi ya tambaye shi wace rana. Ya ce ranar Lahadi da hantsi. Abu Zuhdi ya ce to shi ranar Lahadi kafin azahar aka rantse masa, kuma yanzu ya gane ƙanshin naman da ya ji yana fita daga buhun auduga. Suka juya tare suka dubi kujera. Mahauci ya kama ƙafar tsani ɗaya, mai tanderu ya kama ɗaya, suka fitar da shi titi. Tun da aka haife su wannan ne aikin farko da suka yi tare.

Abu Nazmi ya leƙa ƙasa ya ga nisa, ya ga rago, ya ga fuskoki. Amma bakin nan nasa bai mutu ba. Ya ce su kwantar da hankali, shugaba na gari ba ya tsoron talakawansa, kuma a shirye yake ya saurari koke.

"Ka tayar da Zarkaf," in ji mahauci.

"To, ashe wutar ba ta kai zuciyarsa ba, sai ya motsa..."

Hagu ta yi ruri har kofuna suka girgiza. Ya ce a'a, motsin fitar rai ne, wanda ya motsa da gaske Mildan ne, ya haɗa kansa da ya rabe ya ɗaure da rawani. Dama ta ɗaga kujeru. Ya tayar da su biyun, aka ce to wa ya ci karaga. Ya ce su yi karɓa-karɓa, aka ce wa zai fara. Ya ce a raba karagar biyu da zarto, wani kafinta ya ce a matsayinsa na mai sana'a ba zai zauna a yi wannan ɓarna a gabansa ba. Ya kashe su ya tayar, ya tayar ya kashe, har Abu Zuhdi ya ce a bar bayin Allah su huta, sarkinsa ya gaji da mutuwa. A nan aka tsaya: sarakuna sun tafi, an haƙura. Amma muddin mai shiɓa na kan karagar Birnin Hayaƙi, tsani ba zai dawo ba.

Daga tagar benen da ke tsallaken titi sai aka ji muryar Ummu Nazmi, a natse, kamar tana kiran mai sayar da madara.

"Ɗan baffana, ka kashe mai shiɓar nan ka zo gida, abinci na hucewa."

"'Yar baffana, ba ki san abin da kike faɗa ba. Yanzu fa ya hau."

"Ai ya ɗanɗana. Wasu ko haka ba su samu ba."

Dariya ta ɓarke sama da ƙasa, amma shi bai yi ba. A gaskiya abin ya yi masa ciwo. Shekarun nan duka, yana dukan auduga yana tari, Rushdan ne ke zaune da shi a bayan shago, shi ne mutumin da ya so ya zama. Ya rungume littafin a ƙirji ya ce ko za a kwana a nan ba zai kashe shi ba, ya ɗaga takobi sama ya ce sarki ba ya sauka don ihun 'yan kasuwa. Yana cikin wannan jawabi rago ya hango jan zanen da aka lulluɓe ƙafafun kujera da shi, ya ja da baya, ya zo ya zuba mata karo. Kujera ta yi dama, ta yi hagu. Rago ya sake ja da baya, wannan karon har bakin ƙofa, mutane kuma suka buɗe masa hanya da ladabi.

"Ya mutu!" in ji Abu Nazmi. "Rushdan ya mutu!"

Mahauci ya riƙe ƙahon rago ya ce ba a mutuwa haka kawai a gidan nan, a faɗa musu yadda aka yi. Abu Nazmi ya ce zazzaɓi ne. Aka ce ba su yarda ba, sun ba da sarakuna biyu, ba za a biya su da zazzaɓi ba. Ya dubi ragon, ragon ya dube shi. Sai ya ja numfashi ya ce Rushdan na zaune a kan karaga yana jawabi, audugar gajimarensa ta shiga hancinsa, ya yi atishawar da ta cillo shi ƙasa, wani ragon aljanu ya tare shi da ƙaho ya mayar da shi sama, ya faɗo cikin kaskon zuma, ƙudajen Birnin Hayaƙi suka ƙarasa shi. Ya daki faranti da takobi, hawaye na gangarowa cikin audugar gashin bakinsa.

Ban taɓa jin shewa irin ta ranar ba. Dama da hagu suka cakuɗe, mata suka saki guɗa daga tagogi, makaɗa suka farfaɗo. Mahauci ya rungume mai tanderu, suka manne da juna saboda zuma, sai da aka ɓamɓare su. A cikin murna mahauci ya saki ƙahon rago, rago kuwa bai manta da aikinsa ba. Karo ɗaya kujera ta kife, Abu Nazmi ya taho ta sama da littafi da takobi da jar dara, ya sauka a hannun jama'a. Ba su bar shi ya taɓa ƙasa ba, suka ɗauke shi a kafaɗa kamar gawa, suka zagaya unguwa da shi suna yi wa juna barka, suka sauke shi a ƙofar gidansa. A yammacin nan aka yanka rago, Abu Zuhdi ya gasa shi da hannunsa, aka ci da baklawa ana tsince auduga daga haƙori.

Washegari Abu Nazmi ya je wurin Hajji Shafik yana ɗingishi, ya ce ya kai labari ƙarshe, a ba shi kujerarsa. Hajji Shafik, wanda wuyansa ke naɗe da tsumma saboda buhu, ya tuna masa cewa sharaɗi biyu ne, kuma duk unguwa shaida ce ba da ƙafafunsa ya sauko ba. Amma ya ce shi mutum ne mai adalci, kuma tun da ya buɗe gidan nan bai taɓa ganin dama da hagu sun sha shayi a teburi ɗaya ba sai jiya. Saboda haka zai ba shi riƙon ƙwarya. Ya hau kullum, ya karanta abin da ya ga dama, ya naɗa Rushdan idan yana so. Abu ɗaya ne, kafin kiran magariba mai shiɓa ya mutu, kuma kada mutuwar yau ta yi kama da ta jiya.

Abu Nazmi ya karɓa. Har yanzu yana kan kujerar, kuma idan ka kai masa katifa zai gaya maka cewa a duk ƙasar Sham babu marubucin da jama'a ke cika ɗaki don su ga ƙarshen gwarzonsa kamar shi. Rushdan ya faɗa rijiya, raƙumi ya zauna a kansa, ya shaƙe da ƙwallon zaitun, an taɓa ɗinke shi cikin katifa bisa kuskure. Kullum bayan la'asar Ummu Nazmi kan miƙa masa jar dara a bakin ƙofa ta tambaye shi yau me zai kashe Rushdan. Kullum yakan gyara gashin baki ya ce yau kam ba zai mutu ba, ya shirya musu dabarar da ba su taɓa gani ba, yau Rushdan zai kwana a kan karaga. Takan ce Allah ya sa, ta koma ta ɗora tukunya. Idan rana ta yi ja ta ji shewa ta tashi daga gidan gahawa, sai ta sauke ta fara zuba abinci.